IDAN BAKIN MASANA YA ZO ƊAYA, INA MAKOMAR MAI JA?

Jawabin da aka gabatar a wani zaman tattaunawa na ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati

 

Tambayar da ke gaban wannan zama ita ce: idan bakin masana kimiyya ya zo ɗaya bisa wata magana, shin wannan haɗuwar baki tana toshe bakin wanda ya hango wani abu dabam? Malamai suna da kalmar da ta dace da wannan hali, watau ijma'i, ita za a ara a nan. Mai jin tambayar yana iya zaton gardama ce ta mutanen jami'a, wadda ba ruwan mai awon hatsi a kasuwar Maraɗi da ita, balle mai rubuta rahoto a wani biro a Yamai. Alhali kuwa ijma'in masana shi ne ke komawa doka, shi ke komawa kasafin kuɗi, shi ne kuma ke komawa tarar da ake cin manomi a cikin gonarsa. Ƙasar Nijar ta ga haka da idonta bisa maganar hamada, kuma wannan labari shi ne ginshiƙin jawabin nan.

Yadda ijma'i ke ginuwa

Ijma'in masana ba da jefa ƙuri'a ake samunsa ba. Mai bincike yakan rubuta abin da ya gano, ya aika wa mujallar masana, ita kuma ta miƙa rubutun ga ƙwararru biyu ko uku su tantance shi kafin a buga. Idan wasu suka maimaita gwajin a wani wuri suka sami abin da ya samu, maganar ta fara zama ke nan. Bayan ƴan shekaru sai ta shiga littattafan karatu, ɗalibi ya haddace ta don ya ci jarrabawa. Wannan hanya amfaninta babba ne, domin ba don ita ba da kowane likita sai ya sake binciken maganin zazzaɓin sauro da kansa kafin ya duba maras lafiya.

Amma fa hanyar tana da ƙaya. Ƙwararrun da ke tantance sabon rubutu galibi su ne waɗanda suka yi suna da tsohon ra'ayi. Su ne kuma ke zama cikin kwamitocin da ke raba kuɗin bincike da muƙamai. Matashin da ya fito da difloma yana neman aiki ya san wannan sarai, saboda haka kafin a ce da shi ya yi shiru, shi da kansa ya riga ya kama bakinsa.

Wannan ba zargi ba ne kawai, an auna shi. A 2019 Pierre Azoulay da abokan aikinsa biyu sun bi diddigin manyan masana ilimin rai da lafiya su 452, waɗanda suka rasu suna tsakiyar aikinsu. Sun tarar cewa bayan rasuwar babban masani, rubuce-rubucen waɗanda ba su taɓa aiki tare da shi ba sukan ƙaru a fanninsa da kashi 8.6 cikin ɗari, kuma baƙin nan sukan zo da sababbin dabaru. Watau da can suna nan, inuwar babba ce ta hana su fitowa.

Tarihi ma ya shaida. A 1912 Alfred Wegener, masani ɗan ƙasar Jamus, ya ce nahiyoyin duniya da a haɗe suke, daga baya suka rabu, yana nuna yadda gaɓar Amurka ta Kudu ta dace da gaɓar yammacin Afirka kamar sakaina biyu na ƙwarya ɗaya. Masana duwatsu suka yi masa dariya. Ya rasu cikin ƙanƙarar Girinlan a 1930, ba a karɓi maganarsa ba sai cikin shekarun 1960, bayan an auna ƙasan teku. Haka nan likitoci biyu na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ce ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, a lokacin da littattafan likitanci ke ɗora laifin bisa damuwa da yawan tsamin ciki. Da aka ƙi sauraronsu, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Ke nan kashi na farko na amsar shi ne: ƙwarai, ijma'i yana da nauyi, kuma yana sa mai ja ya sha wuya. Saura a duba inda nauyin yake zama zalunci, da abin da ke sauke shi. Ba sai an je Jamus ba, amsar tana tsakanin Tawa da Damagaram.

Hamadar da aka ce tana tafiya

A 1934 wani farfesan ilimin gandun daji daga jami'ar Edinbara ta Birtaniya, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Najeriya da kudancin Nijar da rani. Ya ga ƙura da rairayi da busassun gonaki, ya koma gida ya rubuta a 1935 cewa Sahara tana mamayo kudu, kuma manoma da makiyaya su ne ke buɗe mata hanya. Ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar itatuwa don a tare ta. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka, har Faransa da Ingila suka haɗa wata tawagar ƙwararrun daji ta bi iyakar Nijar da Najeriya a 1936 da 1937. Tawagar ta dawo ta ce ta ga ɓarna a wasu wurare, amma ba ta ga alamar hamada tana mamayar ƙasa ba. A lura da wannan: tun ranar farko akwai masu ja, kuma masana ne, sun taka ƙasar da ƙafarsu. Sai dai maganar tsoro ta fi maganar kwantar da hankali saurin tafiya. A 1949 André Aubréville, babban jami'in daji na Faransa, ya buga littafin da ya yaɗa kalmar da ake fassarawa da kwararowar hamada.

Shekarun 1950 da farkon 1960 shekarun ruwa ne, maganar ta ɗan lafa. Sai fari ya sauka daga 1968 zuwa 1974, dabbobi suka faɗi, rumbuna suka bushe, yunwa ta shiga cikin dalilan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Duniya ta nemi bayani, kuma a 1975 aka ba ta guda biyu. Na farko daga Jule Charney, ɗaya daga cikin manyan masana yanayi na Amurka. Ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, takan mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi, hadari ya ƙi haɗuwa. Bisa wannan lissafi, makiyayi da kansa yake korar ruwa. Na biyu daga Hugh Lamprey, wanda ya leƙa arewacin Sudan daga jirgin sama, ya gwada abin da ya gani da wata taswira ta 1958, ya ce hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, watau kamar kilomita 5 da rabi kowace shekara.

Wannan adadi ya zagaye duniya. Ya shiga jawaban ministoci, ya shiga littattafan lakkwal, ya shiga takardun neman taimako. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro a Nairobi bisa kwararowar hamada. Daga nan magana ta zauna: hamada tana tafiya, talaka ne ya jawo ta, maganinta dashen itatuwa da tsaron daji da rage dabbobi.

Lokacin da ijma'i ya sa kaki

Ga inda zancen ya shafi kowa. Charney shawara ya kawo don a gwada, Lamprey kuwa rahoto ya rubuta bisa leƙe guda. Da maganar ta tsaya cikin mujallun masana, da gardama ce kawai. Amma ta sami doka tana jiranta. Tun dokar daji ta 1935 da Faransa ta kafa wa ƙasashen yammacin Afirka da ke hannunta, daji ya zama na gwamnati. Dokar daji ta Nijar ta 1974 ta bi sawunta, ta jera itatuwan da aka hana taɓawa, har da gawo, ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro. Manomin da ya sari reshe ba tare da takarda ba, ma'aikacin daji yana iya cinsa tara.

A tsaya a yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Kayan da ba naka ba ne, wanda in ya girma ba ka da ikon sayarwa, kuma zai iya jawo maka tara, wa zai ajiye shi a rumfarsa? Saboda haka manomi mai hankali yakan tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kafin idon hukuma ya gan shi. Ga kuma malaman gona suna koyar da cewa gonar zamani ita ce wadda aka share tas, don garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Dokar da aka kafa don kare itatuwa ita ce ta taimaka wajen ƙarar da su, ƙarewarsu kuma ta zama sabuwar hujjar cewa talaka maɓarnaci ne.

A ɗaya gefen, kuɗi suka kwarara wajen reno da dashen itatuwa irin su dogon yaro da turare. Adalci ne a ce wasu ayyukan sun yi albarka: layukan kare iska na kwarin Majiya, da aka fara a 1975, da furojen Kaita da aka fara a 1984, kowa ya je ya ga amfaninsu. Amma a wurare da dama dashen bai kai rani biyu ba, awaki da gara da iska suka gama da shi. Duk da haka rahotanni suka ci gaba da ƙidaya itatuwan da aka dasa, ba a ƙidaya waɗanda suka rayu. Ma'aikacin da ya san gaskiya yana cikin tsaka mai wuya, domin kuɗin furoje, da mota, da albashin mutanensa, duk sun rataya bisa cewa hamada tana tafiya kuma dashe ne magani. Ba wanda ya hana shi magana da baki, amma ya san abin da magana za ta ci masa.

Masu ja sun zo da ma'auni

To, wa ya warware wannan ƙulli? Masana ne dai, kuma da awo suka yi shi.

Ulf Helldén, na jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, ya koma yankin Kordofan inda Lamprey ya leƙa, ya jera hotunan sama na shekaru dabam-dabam. Cikin shekarun 1980 ya bayyana cewa bai ga wata iyakar hamada da ta matsa ba. Kuskuren Lamprey ya fito fili: ya gwada shekarar ruwa da shekarar fari, kamar wanda ya auna gulbin Maraɗi a watan Agusta, ya dawo a watan Afrilu, ya ce gulbi ya mutu har abada.

A 1991 Compton Tucker na hukumar binciken sararin sama ta Amurka, tare da Harold Dregne da Wilbur Newcomb, suka buga abin da tauraron ɗan Adam ya gani daga 1980 zuwa 1990. Faɗin Sahara ya tashi daga murabba'in kilomita miliyan 8.6 a 1980 zuwa kusan miliyan 10 a 1984, shekarar babban fari. Da ruwa ya dawo a 1985, iyakarta ta kudu ta ja da baya kilomita 110 cikin shekara guda. Ashe hamada numfashi take yi, tana bin ruwa, ta matso ta koma. Abin lura kuma, Dregne yana cikin manyan waɗanda suka yi suna da nazarin kwararowar hamada, amma ya sa hannu bisa aikin da ya girgiza fanninsa.

Saura dalilin farin kansa. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa na hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin ɗumin tekunan duniya: idan tekunan kudu suka fi na arewa ɗumi, damina takan gaza hawowa arewa yadda ta saba. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta biyu suka sa wa kwamfuta tarihin ɗumin teku kaɗai, ba su gaya mata komai ba bisa shanu ko gatari, sai ta fito da shekarun ruwa na 1950 da shekarun fari na 1970 da 1980 kusan yadda aka yi su. Wasu binciken kuma sun nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, da ya sanyaya arewacin tekun Atlantika, yana da hannu a ciki. Maganar Charney ba ta faɗi gaba ɗaya ba, domin tsirarar ƙasa tana ƙara wa fari tsanani, amma tushen farin yana teku. Bafulatanin da aka ɗora wa laifin korar hadari, shi aka fi cuta.

Game da kiwo ma haka. A 1983 masana biyu ƴan ƙasar Holan, Henk Breman da C. T. de Wit, suka auna kiwon tashi-da-sauka na ƙasar Mali, suka tarar yana ba da amfani a kowace hekta fiye da manyan gandayen kiwo na Amurka da Ostareliya masu irin wannan ruwa. A ƙasar Kano kuma, Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyuka masu cunkoson jama'a, ya nuna cewa manoma suna kiwon itatuwa a gonakinsu, suna riƙe ƙarfin ƙasa da taki, duk da yawansu.

Kada a fahimci cewa babu ɓarna. Mutanen Nijar da ba su wuce kamar miliyan 3 ba a 1960 sun haura miliyan 17 a ƙidayar 2012. Saura ta ƙare a wurare da yawa, ƙasa ta gaji, iska tana kwashe ta, fako yana ƙaruwa. Abin da aka kayar shi ne hoton hamada mai tafiya kamar rundunar yaƙi, da hukuncin cewa talaka ba shi da dabara sai ɓarna.

Mai ja da ba shi da difloma

Akwai wani mai ja da ba ya rubutu a mujalla, shi ne manomi. A 1983 wani ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, wanda ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sabara, kalgo, magarya, gawo. In aka zaɓi reshe mai ƙarfi ɗaya ko kaɗan, aka rage sauran, aka kare su, cikin ƴan shekaru sai ga itace, ba reno, ba ban ruwa, ba kuɗi. Wannan shi ne abin da aka sani da sassaben zamani.

Dabarar ta saɓa wa ijma'i biyu a lokaci guda: na ƙwararrun da suka ce sai an dasa, da na ƙauye da ke ganin gona mai itatuwa gonar malalaci ce. Manoman farko da suka gwada sun sha ba'a. Lokacin yunwar 1984, shekarar da aka yi taron ƙasa bisa yaƙi da hamada a Maraɗi cikin watan Mayu, an haɗa dabarar da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka bari. Amma waɗanda suka riƙe sun ga makamashi, sun ga abincin dabba, sun ga iska ta daina binne shuka. Gani ya kori ji, maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. A kudancin Damagaram kuwa ba baƙon abu ba ne, domin tarihin baka ya riƙe cewa tun ƙarni na 19 sarakuna suna hukunta mai saran gawo, manoman Magarya da Matamai da Mirya kuma suka farfaɗo da al'adar da kansu.

Abin da ya ba dabarar fili shi ne sassaucin doka. Jami'an daji na jahar Maraɗi suka fara ɗaga ƙafa, sannan aka kafa tsarin dokokin karkara a 1993, sabuwar dokar daji ta zo a 2004, a 2020 kuma gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince da haƙƙin manomi bisa itatuwan da ya raya a gonarsa. Da itace ya zama dukiyar mai gona, sai ya daina zama abin tsoro.

Mafi ban mamaki shi ne, wajen shekara ashirin wannan aiki yana gudana, rahotannin duniya ba su gan shi ba, domin ba furoje ba ne, kuma littafi ya riga ya ce itatuwa ƙarewa suke yi. Sai cikin shekarun 2000, da Mahamane Larwanou, masani ɗan Nijar, da Chris Reij ɗan Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka bi ƙauyuka, sannan aka san girman abin: wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kamar miliyan 200. A 2009 aka ƙiyasta cewa hakan yana ƙara wa ƙasar kimanin tan dubu 500 na hatsi kowace shekara. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da noman rami. Babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Dakar zuwa Jibuti, wadda a farkonta ta yi kama da shawarar Stebbing ta 1935, ita ma daga baya an sake mata fasali, ta koma ga irin waɗannan dabaru na manoma.

Ba kowane mai ja ne mai gaskiya ba

Nan fa sai a yi hattara, domin akwai masu jin irin wannan labari su ce: ashe masana ƙarya suke yi, kowa ya bi son ransa. Wannan karatun baibai ne. Bayan kowane Wegener guda akwai ɗaruruwan da suka saɓa wa jama'a, kuma jama'a ce ke da gaskiya, sunansu ne kawai tarihi bai riƙe ba. An yi wa mutum dariya ba hujja ba ce cewa ya gano wani abu.

Mai ja idan ya sami mulki ba tare da hujja ba, ɓarnarsa ta fi ta ijma'i. A Tarayyar Sobiyet, Trofim Lysenko ya ƙaryata ilimin gadon halitta da masana duniya suka yarda da shi, ya sami goyon bayan Stalin. Aka kama babban masanin tsirrai Nikolai Vavilov a 1940, ya mutu a kurkuku a 1943, a 1948 kuma aka haramta koyar da wannan ilimi baki ɗaya. A Afirka ta Kudu, shugaba Thabo Mbeki ya ba da kunne ga ƴan tsirarun da ke cewa ƙwayar cuta ba ita ke kawo sida ba. A 2000 masana da likitoci fiye da dubu 5 suka sa hannu bisa sanarwar Durban suna ja masa kunne, amma gwamnatinsa ta yi jinkirin raba magani. Wani bincike na jami'ar Harvard a 2008 ya ƙiyasta cewa jinkirin ya ci rayuka fiye da dubu 330.

A jera waɗannan labarai a duba abin da ya haɗa su. Helldén da Tucker da Giannini da Marshall duk sun kawo abin da wani zai iya sake aunawa, ya gaskata su ko ya ƙaryata su. Manomin Maraɗi ma haka, gonarsa tana nan, kowa ya je ya ƙirga damma. Lysenko kuwa ɗan sanda ya kawo. Haka nan a labarin hamada, abin da ya cuci talaka shi ne ranar da shawarar masana ta zama takardar tara da sharaɗin taimako, ta fita daga hannun masu gwaji ta shiga hannun masu hukunci. Ijma'in da ke cikin mujalla ana iya kayar da shi da ma'auni, kuma an kayar da shi cikin shekara goma sha biyar zuwa talatin. Ijma'in da ya hau kujera, ya riƙe jaka, shi ne mai wuyar saukewa.

Abin da ya rage ga masu sauraro

Ga ma'aikata: duk ranar da ƙwararre ya sauka da jakarsa ya ce masana duniya sun haɗu bisa kaza, ba rashin ladabi ba ne a tambaye shi a ina aka auna, a wace shekara, kuma shekarar ruwa ce ko ta fari. A tambaye shi wane abu ne in an gan shi zai yarda cewa ya yi kuskure. Wanda ya ce babu irin wannan abu, ba kimiyya ya kawo ba. Waɗannan tambayoyi su ne kuma za a yi wa mai cewa shi kaɗai ya san sirrin da duniya ta ɓoye. Ƙaramin ma'aikacin da ya rubuta cewa dashen bara ya mutu, a gode masa, kada a tura shi wani lungu, domin rahoton da ba ya iya kawo mummunan labari ba shi da amfani ko da ya kawo mai daɗi.

Ga hukuma: ƙasar da ba ta da ma'auninta, da tiyar wani ake yi mata awo. Nijar tana da cibiyar binciken noma ta INRAN, tana da jami'ar Abdou Moumouni da ƴan'uwanta na jahohi, cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974. Muddin kuɗin binciken waɗannan wurare daga waje kaɗai yake zuwa, to tambayoyin da za su yi ma daga waje za su zo. Ware musu kaso daga baitulmali, da barin masanansu su faɗi abin da suka gani ko bai yi wa mai furoje daɗi ba, shi ne hanyar da za a gane kuskure tun bai yi shekara ashirin ba.

Ga ƴan kasuwa kuwa, ba sai an yi dogon bayani ba. Kowa a cikinku ya san farashin da kasuwa ta haɗu a kai abin girmamawa ne, wanda ya raina shi yakan karye. Amma kowa ya san kuma ba a sayen buhu sai an soka masa ƙarfe an ga ƙwaya.

Manoman Damagaram sun san dalilin da ya sa ake son gawo a gona: babba ne, saiwarsa ta yi nisa, amma da damina ta faɗi sai ya zubar da ganye, rana ta sami hatsin da ke ƙarƙashinsa. Irin wannan girma ake roƙo ga manyan masana da manyan ma'aikata.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a tashi lafiya.